Wane Mai Ya Dace da Sarƙar Keke a Hanyar Burji?

Tambaya: Ina da keke mai giya irin na gwanjo, mai giya takwas a baya. Kullum ina yin kusan kilomita 20 zuwa wurin aiki da dawowa, rabin hanyar kwalta ce, rabi burji. Mai gyara yana zuba mini baƙin mai duk mako, amma sarƙar tana ɓata mini wando, ga ƙara, yanzu ma ta fara tsallake haƙori idan na danna feda da ƙarfi. A shago na ga kwalabe iri biyu, ɗaya an rubuta Wet, ɗaya Dry, wani kuma ya ce mini kyandir ake narkawa a sa. Wanne zan saya?

Amsa: Malam, a irin hanyarka, daga ɗaukewar ruwa har zuwa faɗuwar damina, kakin kyandir ko man da aka rubuta wa Dry ne ya fi dacewa da kai. Idan ruwa ya zauna, wajen Yuli da Agusta, sai ka koma wanda aka rubuta wa Wet. Baƙin mai kuwa ka yi sallama da shi tun yau. Sai dai kada ka yi gaggawar sayen komai, don tsallaken haƙorin da ka ambata ba ciwon mai ba ne, babu kuma kwalbar da za ta warkar da shi. Yadda za ka gane abin da ya lalace yana can ƙasa.

Abu na farko shi ne sanin inda mai ke aiki. Ɗauki tsohuwar sarƙa a wurin mai gyara ka dube ta da kyau. Za ka ga falle-fallen ƙarfe a gefe biyu, na ciki da na waje, da 'yar ƙusa da ta ratsa su, da ɗan zobe mai juyawa a tsakiya, wanda shi ne ke zama tsakanin haƙora. Daga ƙusa zuwa ƙusa rabin inci ne cif, wato milimita 12.7. Duk lokacin da gaɓa ta hau faifan haƙora ko ta sauka, sai ta ɗan lanƙwasa: ƙusar ta goga a cikin ramin fallen ciki, zoben ya goga a kafaɗar fallen. A keke mai giya kowace gaɓa tana yin wannan lanƙwasa sau takwas a zagaye ɗaya, domin tana hawa ta sauka a faifan gaba, da faifan baya, da 'yan tayoyin nan biyu na na'urar canza giya. Ƙarfin ƙafarka duka yana sauka ne a wurin da faɗinsa bai fi milimita biyu zuwa uku ba.

Can ciki ake son mai, inda ido ba ya gani. Wanda ke ƙyalli a bayan sarƙa ba ya rage gogayyar komai. In ban da ɗan kare tsatsa, aikinsa ɗaya ne: kama ƙura.

Ƙurarmu kuwa ba ta wasa ba ce. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na ɗebo ta daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ga kuma ta burjin kanta da tayar gaba ke watsawa kai tsaye a kan layin sarƙa na ƙasa. A cikin wannan ƙura akwai ƙwayoyin yashi da suka fi ƙarfen mafi yawan sarƙoƙi tauri. Idan suka gauraya da mai, abin da ake samu bai bambanta da toka da yashin da ake goge bayan tukunya da su ba, sai dai a nan ƙusoshin sarƙarka ne tukunyar. Baƙin da ke wandonka, kaso mai yawa daga cikinsa garin ƙarfen sarƙar ne. Kuma duk makon da aka ƙara tsiyaya mai a kan dattin da ke nan, sabon man ne ke ɗaukar yashin waje ya kai shi ciki. Ƙarar za ta lafa kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa mutane ke zaton an yi gyara.

Mai gyara yana zuba baƙin mai ne don kyauta yake samu, ba don ya fi ba. Man da aka juye daga inji ya riga ya gama aikinsa: yana ɗauke da baƙin hayaƙi, da garin ƙarfe, da ragowar fetur da ya tsinka shi, da sinadarai masu cin ƙarfe. Masu yin man mota da kansu suna gargaɗin kada a bar tsohon mai ya daɗe a fata. Wannan shi ne na ƙarshe a jerin abin da za a zuba wa sarƙa, ko da yake ya fi a bar ta ƙafe tana kuka.

Sabon man inji, irin 20W-50 ko SAE 40 da ake samu a kowane lungu, maganarsa daban. Yana aiki, kuma duk wanda ya ce maka zai lalata sarƙa ya yi ƙari. Matsalarsa ita ce an yi shi ne don rufaffen inji mai famfo da matata, ba don ƙarfen da ke yawo a fili ba, saboda haka yana fantsama, yana kuma riƙe ƙura. Man giyar mota, 80W-90, ya fi shi jure matsi, ruwa ba ya wanke shi da sauri, sai dai warinsa. Idan kuɗi suka yi wuya, ɗaya daga cikin waɗannan biyu a cikin sirinji, ɗigo-ɗigo, tare da gogewa sosai, ya wadatar, musamman da damina. Man keken ɗinki yana da tsafta, yana shiga ciki nan da nan, amma ya yi ruwa-ruwa da yawa, kwana biyu ya tafi. Giris ba ya shiga cikin zobe sam, a waje yake tsayawa ya tara yashi; wurinsa cikin boris ne. Man gyaɗa da manja suna haɗuwa da iska su koma danƙo, har gaɓoɓi su riƙe. Man birki yana cin fenti, yana jan ruwa, kada ya kusanci keke. WD-40 na asali, mai shuɗin gwangwani, mafi yawansa sinadarin narkar da datti ne da ɗan siririn mai: yana da kyau wajen korar ruwa bayan wanki, amma ba zai riƙe ka tafiyar mako ba. Man feshin sarƙar babur kuma an yi shi da yauƙi ne don kada gudu ya watsar da shi, wannan yauƙin a hanyar burji masifa ne.

Yanzu kwalaben shago.

Wanda aka rubuta wa Wet mai ne sosai, mai kauri, da ba ya bushewa. Yana jure ruwan sama da taɓo, yana hana tsatsa, yana kashe ƙara, sa ɗaya kan kai kilomita 150 zuwa 300 a kwalta. An yi shi ne da tunanin ƙasashe irin Ingila da Holan, inda ruwa ne babban abokin gaba. A watan Janairu a hanyar Bichi ko ta Maraɗi, sarƙar za ta koma baƙa ƙirin cikin kwana biyu.

Wanda aka rubuta wa Dry shi ma ruwa-ruwa yake fitowa daga kwalba. Ɗan kaki ne ko siririn mai aka narka cikin sinadari mai tashi. Sinadarin ya kai shi ciki, ya bushe, ya bar shi can. Ƙura ba ta manne masa sosai. Amma a nan akwai abin lura, domin iri biyu ne ke shiga ƙarƙashin wannan suna. Akwai tsohon samfuri mai kama da ruwa garai-garai, wanda mafi yawan abin da ke cikin kwalbar tashi yake yi, abin da ya rage kaɗan ne. Irin wannan sai ka riƙa ƙarawa duk kilomita 80 zuwa 100, wato duk kwana huɗu ko biyar a tafiyarka. Akwai kuma fari mai kauri, wanda kaki ne aka dama da ruwa, irin su Squirt da Smoove, dukansu daga Afirka ta Kudu, ƙasar da ita ma ta san ƙura. Wannan ya fi daɗewa, ya kuma fi kare sarƙa nesa ba kusa ba. Idan kana da zaɓi, shi za ka ɗauka. Girgiza kwalbar ka duba: in fari ne mai kauri, an kuma rubuta Wax a jiki, to shi ne. Rubuce-rubucen Ceramic da Teflon da sauran ado kada su sa ka ƙara kuɗi. Ka kuma duba murfi da hatimi, don kwalba mai suna da aka sake cikawa da man inji ba baƙon abu ba ne a kasuwa.

Maganar kyandir kuwa gaskiya aka gaya maka. A 2013 mujallar VeloNews ta Amurka, tare da ɗakin gwaji na Friction Facts na Jason Smith da ke Kolorado, sun gwada mayukan sarƙa masu yawa a kan na'ura, sai kakin farafin, wanda ake yin kyandir da shi, ya fi kowanne ƙarancin gogayya. Bambancin ƙarfin da ke ɓata ɗan kaɗan ne kawai, abin da ɗan tsere zai damu da shi, ba mai zuwa aiki ba. Abin da ya shafe ka shi ne gwajin da Adam Kerin ke yi a Adelaide ta Ostireliya, a ƙarƙashin Zero Friction Cycling, inda ake zuba wa sarƙa yashi da gangan ana auna yadda take cinyewa. A can ma narkakken kaki ne ke kan gaba, da rata mai yawa a sashen busasshiyar ƙura. Dalilin a fili yake. Kaki daskararre ne, ya cika gurbin da yashi zai shiga, ba shi da danshin da ƙura za ta manne wa, kuma yana ɓarɓashewa a hankali ya tafi da dattin da ya hau kansa.

Ni dai a ganina, ga mai yin kilomita 20 kullum, rabi a burji, narkakken kaki ne na ɗaya idan zai iya ɗawainiyarsa, farin kakin kwalba na biyu, mai tsafta da aka ɗiga aka goge na uku. Amma duka ukun ba sa aiki a kan ƙazamar sarƙa, kaki ma ko kaɗan ba ya kama ƙarfen da ke da maiƙo.

Wanke sarƙa

Cire ta daga keke. Idan tana da makulli, wato gaɓar nan mai buɗewa, matse ta da filaya ta fita. Idan babu, mai gyara ya cire ƙusa biyu, ya fitar da fallen waje na gaɓa ɗaya, ka sayi makulli na giya takwas ka sa a gurbin, don nan gaba ka riƙa cirewa da kanka. Jefa sarƙar cikin gorar roba mai faɗin baki, zuba kananzir kimanin mililita 250, rufe, girgiza minti biyu, bar ta ta jiƙa minti goma, sake girgizawa. Juye baƙin kananzirin a wata gora, zuba sabo. Sarƙar da ta sha baƙin mai takan ci zubi uku ko huɗu kafin kananzirin ya fito da haske. Kada ka zubar da na farkon: in ya kwana biyu dattin zai kwanta a ƙasa, ka tsiyaye na sama don wankin gaba.

Idan mai za ka sa, rataye ta a rana ta bushe, shi ke nan. Idan kaki ne, akwai sauran aiki, domin kananzir kansa yana barin maiƙo. Sai ka ɗauraye ta sau biyu da sifirit irin na shagon magani, ka shanya. Gwajin shi ne ka ja ta cikin farin tsumma: in ya fito da baƙin layi, ba ta yi ba tukuna. Sarƙa mai tsafta sosai tana yin ƙarar ƙarfe zalla idan ka girgiza ta, tana kuma saurin tsatsa, don haka kada ta kwana ba a sa mata komai ba.

Fetur yana wanki da sauri, shi ya sa masu gyara ke son sa, amma tururinsa na kama wuta daga nesa, bar shi. Omo da ruwan zafi suna fitar da datti, sai dai ruwan kan maƙale cikin zobba, in ba a busar da gaggawa ba gobe ka tarar da ja. Kada kuma ka jiƙa sarƙa kwana da kwanaki cikin wani ruwa mai tsami don cire tsatsa, yana sa fallen ƙarfe ya tsage daga baya.

Kafin ka mayar, kankare dattin da ya daskare a 'yan tayoyin canza giya da tsinke ko bakin sukuddireba, ka ratsa tsumma tsakanin faifan baya ɗaya bayan ɗaya, ka goge na gaba. Mayar da wankakkiyar sarƙa kan haƙora masu baƙin mai aikin banza ne.

Sabuwar sarƙa tana zuwa da man kamfani mai yauƙi. In mai za ka ci gaba da sawa, goge bayanta kawai da tsumma mai ɗan kananzir, na cikin yana da kyau. In kaki ne, dole a wanke shi tas kamar yadda aka bayyana.

Sa man kwalba

Jingina keken yadda feda za ta juya baya. Fara daga makulli don ka san inda ka tsaya. Ɗiga ɗigo ɗaya a kan kowane zobe, a layin ƙasa, ta saman layin, wato fuskar da ke taɓa haƙora. Daga nan juyawa ke tura man ciki maimakon ta watsar da shi. Sarƙa irin taka zobbanta ba su wuce 110 zuwa 116 ba, duka-duka mililita 3 zuwa 5 ke nan, bai fi ƙaramin cokalin shayi ba. Kwalbar mililita 120 ya kamata ta yi maka sa ashirin da wani abu. Juya feda baya sau talatin a hankali.

Daga nan hanya ta rabu. In Wet ne ko man giya, jira minti goma, sannan ka kama sarƙar da busasshen tsumma kana juya feda, kana sauya gefen tsumman, har sai ka taɓa bayanta da yatsa ka ji kusan babu maiƙo. Mutane da yawa suna ganin kamar asarar mai ce; a'a, wanda ake buƙata ya riga ya shige. Bayan tafiyar farko wani zai sake tsattsafowa, sake gogewa. In Dry ne ko farin kaki, girgiza kwalbar sosai kafin sawa, kuma da daddare ake sa shi a bar shi ya kwana. Wanda ya ɗiga da safe ya hau nan take, ya fita da jiƙaƙƙiyar sarƙa cikin ƙura, sai ya dawo yana cewa man ba shi da kyau. A karon farko a sa sau biyu, a bar na farko ya bushe kafin na biyu.

Kada ka fesa komai kusa da tayar baya. Mai a jikin rim yana kashe birki, in kuma birkin faifai ne, ɗigo ɗaya a kan takalman birkin kan sa a sake su gaba ɗaya.

Narka kaki

Nemi farin kyandir mai tauri, marar ƙamshi, marar launi, wanda in ka karya shi zai ce ƙas. Wanda ke lanƙwashewa da kansa a kan tebur a watan Afrilu yana da maiƙo da yawa, zai yi laushi a zafinmu ya kama ƙura. Giram 400 zuwa 500 ya isa ya rufe naɗaɗɗiyar sarƙa a ƙaramar tukunya, kuma zai yi maka tsoma da yawa. Akwai wanda aka haɗa musamman don keke, irin Molten Speed Wax da na Silca, masu ƙarin sinadaran rage gogayya. Sun fi kyandir daɗewa, amma tsadarsu da wuyar samu sun sa ba dole ba ne.

Kada ka ɗora kaki kai tsaye a kan risho ko gas ko gawayi. Idan ya yi zafi fiye da kima yana hayaƙi, ya lalace, yana kuma iya kamawa da wuta. Sa shi a gwangwani ko ƙaramar tukunya, ka ɗora ta cikin babbar tukunya mai ruwa. Muddin akwai ruwa a ƙasa, zafin ba zai wuce digiri 100 ba. Kakin kan narke wajen digiri 55 zuwa 65, abin da ake so kuma 70 zuwa 90. Tsohuwar tukunyar dafa shinkafa ta lantarki ma tana yi, in an tsaya a kanta. In wuta ta kama, rufe da murfi. Watsa ruwa zai fantsama ta ne.

Lanƙwasa tsohon sifok ko wata wayar ƙarfe, ka zura sarƙar a jiki ninki-ninki, ka bar hannun riƙewa a waje. Sarƙar ta bushe ƙayau, don ɗigon ruwa cikin kaki mai zafi tartsatsi yake yi. Tsoma ta. Da farko kakin zai daskare a jikinta ya yi fari saboda sanyin ƙarfe; bar ta minti 10 zuwa 15 har ta ɗauki zafi ya sake narkewa. Za ka ga 'yan kumfa suna tasowa daga zobba, iska ce ke fita kaki na shiga. Kaɗa ta cikin kakin kamar rabin minti, in kumfar ta daina, ɗaga ta, bar ta ta tsiyaye a kan tukunyar, rataye ta minti 20. Za ta sandare. Bi ta gaɓa-gaɓa kana lanƙwasawa da hannu, ko ka ja ta a kan wani zagayayyen ƙarfe. Goge kakin da ke ramukan ƙarshe biyu, in ba haka ba makulli zai ƙi rufuwa. Minti goma na farkon tafiya za ka ji ta da ɗan nauyi, farin ɓarɓashi na zuba, giya na ɗan gardama. Daga nan sai ta saki.

Tsoma ɗaya kan kai wajen kilomita 300 a busasshiyar kwalta. A hanyarka lissafa 200, wato duk kwana goma. Ba sai ka sake wanki da kananzir ba: goge ƙurar da busasshen tsumma ka mayar cikin tukunya. In ta sha ƙura sosai, kwarara mata tafasasshen ruwa ya narkar da tsohon kakin, ka busar da ita sarai, sannan ka tsoma, don kada ka ƙazantar da tukunyar. Tsakanin tsoma biyu za ka iya ɗiga farin kakin kwalba a kai, suna jituwa. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a ɗiga mata mai. Ka gaya wa mai gyaranka tun wuri, don hannunsa ya saba, kana juya baya zai tsiyaya. A watannin bazara kuma a riƙa ajiye keken a inuwa.

Raunin kaki ruwa ne. Ba ya komawa wurin da aka goge shi kamar yadda mai ke yi, ba ya kuma hana tsatsa sosai. Ruwa ya dake ka sau ɗaya, ka goge sarƙar ta bushe da isarka gida, ka sake tsomawa kafin fita ta gaba. A Agusta wannan ya zama aikin kullum, shi ya sa na ce a koma Wet. Dabara mafi sauƙi ita ce sarƙa biyu, tunda ta giya takwas ba ta da tsada: ɗaya ta rani mai kaki, ɗaya ta damina mai mai. Wadda ba ta aiki a naɗe ta a leda. Ranar komawa kaki a wanke haƙora da kananzir tukuna. Da damina, duk ranar da aka shiga taɓo a ɗauraye, a busar, a ɗiga, a goge.

Masu keken Phoenix ko Raleigh mai rufaffen gidan sarƙa ba su da wannan ciwon kai. Murfin ya tare ƙura, man giya kaɗan sau ɗaya a wata biyu ko uku ya ishe su, su dai tabbata sarƙar na motsi sama da ƙasa kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a tsakiya. Masu cire murfin su yar don yana ƙara ba su san abin da suka yar ba.

Kunne ma ma'auni ne. Siririn kuka mai tsini yana nufin ciki ya bushe, a sa mai yau. Gurzar yashi da kake ji har a tafin ƙafa tana nufin datti, wanki take so, ba ƙari ba. Sarƙa mai kaki ta fi mai mai ɗan ƙara ko da lafiyarta lau, amma in ta fara ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, lokacin tsoma ya yi.

Tsallaken haƙori

Sarƙa ba ta miƙewa kamar yadda ake faɗa. Ƙusoshi da ramukansu ne ke cinyewa, kowace gaɓa ta sami ɗan sako-sako, jimillarsu ta ƙara tsawo. Auna da rula ta ƙarfe, ba tef ɗin tela ba. Danna feda kaɗan don layin sama ya miƙe, ɗora sifili a tsakiyar wata ƙusa, ƙirga ƙusa 24 gaba. A sabuwar sarƙa tsakiyar ta 24 tana kan inci 12 daidai, milimita 304.8. In ta kai 306.3, ta ci rabin kashi ɗaya cikin ɗari, iyakar masu giya 11 da 12 ke nan. Taka mai takwas za ta iya kaiwa 307, daga nan a sake. In ta wuce 308, ta riga ta cinye haƙoran baya su ma. Akwai ɗan ƙarfen awo da ake sakawa tsakanin zobba, mai alamar 0.5 da 0.75, ya fi rula sauƙi in ka samu.

Kafin ka yanke hukunci, juya feda baya a hankali kana kallon 'yan tayoyin canza giya. In akwai gaɓar da ke wucewa a ƙage tana sa na'urar ta yi tsalle, riƙewa ta yi, lanƙwasa ta gefe da gefe da hannu ta saki. In sarƙar na neman hawa faifan kusa da ita ne, wayar giya ce ke son saiti, ko kuma ƙarfen da na'urar ke rataye a kai ya lanƙwashe. Amma in tana zamewa gaba ne da ƙara idan ka taka da ƙarfi, musamman a faifai biyu ko uku da ka fi amfani da su, to haƙoran sun cinye, za ka ga ramukan sun yi faɗi, bakinsu ya karkata gefe ɗaya.

Da irin baƙin man da ta sha a burji, zai yi wuya awonka bai wuce 308 ba. In haka ne, sayi sarƙa da haƙoran baya tare, domin sabuwar sarƙa a kan cinyayyun haƙora ta fi tsohuwar tsallake. Sarƙar giya 6, 7 da 8 faɗinsu kusan ɗaya ne, kowacce za ta yi. Haƙoran baya kuwa iri biyu ne, akwai firiwil mai ɗaurin zare, akwai wanda ake zurawa a kulle da zobe, kuma ba sa shiga wurin juna, don haka tafi kasuwa da tsohon a hannu. Faifan gaba ya fi jurewa. Sai in sabuwar sarƙa na zamewa a kansa ko tana maƙalewa a ƙasansa za ka sake shi.